Ƙofar da Yusha'u Ya Wuce

Tun ranar da Abba ya ce kada Yusha'u ya ƙara taka ƙofar gidan sai an gama bincike a kansa, duniya ta yi wa Sa'adiya faɗi. Gidansu na unguwar Kinkinau a Kaduna cike yake da jama'a, ga ƙanne ga baƙin Umma da ba sa yankewa, amma ita ji take kamar ita kaɗai ce a ciki. Ta je ofis, ta dawo, ta shige ɗaki. Ko wayarsa an ce ta daina ɗauka. Sa'adiya kuwa irin 'ya'yan nan ce da in an ce su bari sai su bari, sannan su koma gefe su yi ta kuka a ɓoye.

Binciken ya ƙi ƙarewa. Damina ta zo ta same shi, ta yi nisa, har dawa ta fara ja ba a ce komai ba.

Shi kuma Salim, ɗan aminin Abba, bai taɓa fashin zuwa gaisuwar Juma'a ba, da ledar kankana da ƙamshin turarensa mai riga shi shiga falo. Bai taɓa buɗe baki ya ce mata yana sonta ba. Amma dai ya gaya wa kowa a gidan, har mai yi musu wanki.

“Ni ban ga abin da kika gani ba,” in ji Umma wata safiya, tana tsince shinkafa. “Ke da digirinki da aikin gwamnati, ki rasa wanda za ki so sai mai yawo da mutane a kan duwatsu? In an tambaye ni sana'ar surukina in ce me?”

“Ki ce jagora ne, Umma. Tarihi yake nuna wa mutane.”

“Tarihi! Shi nasa tarihin wa ya sani? Uba ya rasu, uwa ta rasu, ɗaki ɗaya a Rafin Guza. Ga yaro nan Salim, an san kakansa an san kakan kakansa.”

Sa'adiya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ita ta san tarihin Yusha'u. Saninsa ne ma ke hana ta barci.

Ana cikin haka matan ofishinsu suka shirya yawon buɗe ido na yini guda zuwa Tsaunin Magarya, wani tsohon gari a kan duwatsu da mutanensa suka sauka suka bari tun da daɗewa. Jagoran da suka ɗauka kuwa ba wani ba ne, Yusha'u ne. Sa'adiya ba ta iya ƙarya ba, don haka ta durƙusa gaban Abba ta faɗa masa har da sunan jagoran, tana jiran tsawa.

Abba ya ɗago daga jaridarsa ya dube ta ta saman gilashi.

“Ki je,” ya ce.

Ta tsaya kamar ba ta ji ba.

“Na ce ki je. Allah ya tsare.”

Murna ta hana ta tunani. Da ta nutsu da ta tambayi kanta yaushe Abba ya fara sauƙi haka.

* * *

Ranar Asabar da sassafe motar ta tashi daga Kawo. Yusha'u na tsaye a bakin ƙofa yana shigar da mutane, da farar riga da hular saƙi da gorar ruwa a kafaɗa. Ya rame. Da ta zo shiga ya ja da baya ya ba ta hanya.

“Malama Sa'adiya, barka da asuba.”

“Barka kadai,” ta ce.

Iyakar abin da suka ce ke nan. Wata da watanni tana tara maganganun da za ta gaya masa, ga shi nan kusa da ita, kuma babu ko ɗaya da za ta iya furtawa. Ta samu kujerar gefen taga ta zauna. Ƙawarta Rashida ta zungure ta tana dariya, ita ko murmushi ta kasa.

Suna fita daga gari Yusha'u ya ɗauki lasifika ya fara bayani. A Agadas ya koyi wannan aiki, wajen Buzayen da ke kai baƙi tsofaffin ƙauyukan Azbin cikin sahara, shi ya sa in yana magana sai ka rantse da shi aka gina duk garin da yake ba da labari. Matan ofis da suka shigo da hayaniya duk suka yi tsit.

A Rigachikun direba ya rage gudu.

“Akwai wani dattijo da ya kira ni jiya yana son ya bi mu,” in ji Yusha'u. “Ku yi haƙuri mu ɗauke shi.”

Ƙofa ta buɗe. Wani tsoho mai farin gemu ya hawo da sanda da buta, ya yi sallama.

Sa'adiya na ganinsa ta shaida shi.

Baffa Shu'aibu ne, yayan Abba, malamin da ke da makarantar allo a garin, wanda duk auren da za a ɗaura a danginsu shi ne waliyyi. Yusha'u bai taɓa ganinsa ba. Ta yunƙura za ta gaishe shi, ya kalle ta ido cikin ido, ya ɗan girgiza kai, ya wuce kujerar baya kamar bai taɓa saninta ba.

Nan take ta gane. Ashe wannan ce “ki je” ɗin Abba. Binciken ne ya hawo mota da ƙafarsa.

Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne ta san yadda Yusha'u ke rufe kowace tafiya. A can ƙarshen kufan akwai wani gida mai baƙin dutse a tsakar gida. In ya kai baƙi nan sai ya cire takalmi, ya yi sallama a ƙofar da babu mai amsawa, ya ce musu nan ne gidansu. Kakansa Bamaguje ne, shi ke kula da tsafin garin, a kan wannan dutsen ake yanka. Mahaifin Yusha'u ne ya musulunta yana saurayi ya sauka ƙasa. Yusha'u ba ya ɓoye wannan ga kowa, ita ma ranar da suka fara magana ya gaya mata. Ita ce ta ɓoye wa mutanen gidansu, don ta san gidan malamai ta fito, inda ake ƙirga kakanni da littattafan da suka karantar.

Yau zai faɗa da bakinsa, a gaban Baffa Shu'aibu.

* * *

Hantsi ya yi suka isa gindin tsaunin. Akwai ɗan ƙauye a nan, Magarya ta Ƙasa, inda aka ba su fura suka sha, sannan suka fara hawa.

Wuri ne mai kyau, ko mai baƙin ciki ba zai musa ba. Duwatsu manya-manya sun hau kan juna kamar buhunan da aka jibge a rumbu. Hanya na bi ta tsakaninsu, ƙafafun mutanen zamanin baya sun goge ta har tana sheƙi. Yusha'u ya nuna musu ganuwar da aka jera da dutse ba tare da laka ba, da ramukan marina da har yanzu bakinsu shuɗi ne, da ƙananan rumbuna a cikin kogo inda ake ɓoye gero lokacin yaƙi. Idan ka waiga, gonaki ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da shanu ƙanana kamar tururuwa.

Mata sai ɗaukar hoto suke. Sa'adiya ba ta ga komai ba. Ido ɗaya na kan Yusha'u, ɗaya na kan Baffa, wanda ke hawa a hankali yana dogara sanda, bai ce uffan ba, amma babu kalmar da ta wuce kunnensa.

Kusa da sama akwai wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu, mutum ɗai-ɗai ke wucewa. Yusha'u ya tsaya a bakinsa yana nuna wa kowa inda zai taka. Sa'adiya ta tsuguna kamar tana gyara takalmi, har kowa ya shige, har Baffa ya ɓace a ɗaya gefen.

Suka rage su biyu.

“Sa'a,” ya ce a hankali. “Kin rame.”

“Yusha'u, saurara, babu lokaci. Tsohon nan da ka ɗauka a Rigachikun Baffana ne. Shi ne waliyyina.”

Ya yi ɗan murmushi.

“To alhamdulillahi. Gara da ya zo ya gani da idonsa.”

“Don Allah kada ka tsaya a gidan nan yau.”

Murmushin ya gushe.

“Me kika ce?”

“Yau kaɗai. Ka wuce kawai, kada ka cire takalmi, kada ka ce komai. In an ɗaura, in komai ya lafa, ni da kaina zan gaya musu.”

“Ba su sani ba ke nan? Kin ce mini za ki faɗa wa Umma tun bara.”

“Na kasa!” Kuka ya ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi. “Na kasa, Yusha'u. Ba ka san gidanmu ba. In Baffa ya ji kalmar tsafi daga bakinka, wallahi an gama. Salim na nan yana jira, kowa na bayansa. Ni kaɗai ce a bayanka, ni kaɗai, kuma na gaji. Ba ni da wanda zan gaya wa. Ina kwana ina tashi da kai a raina, ko muryarka an hana ni ji.”

“Sa'a, tun ina yaro mahaifina ke kawo ni nan. Shi da ya bar addininsu bai taɓa wuce ƙofar ubansa bai yi sallama ba. Ya ce mini duk ranar da na ji kunyar gidan nan, in daina hawa tsaunin.”

“Ba kunya na ce ka ji ba. Shiru kawai na roƙe ka.”

“A wajena duk ɗaya ne.”

“To ka zaɓa,” ta ce, ita kanta ba ta san ta iya faɗin haka ba. “Gidan babu kowa a cikinsa, Yusha'u. Ni kuwa ina raye. In ka yi sallamar nan yau, ka yi mini ta ban kwana.”

Ya daɗe yana kallonta. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Daga can aka ji Rashida na ƙwala kira, “Malam jagora, ka bar mu a rana!”

“Taka nan,” ya ce, ya nuna mata dutse. “Akwai santsi.”



* * *

Kufan garin shiru, sai iska da kukan kurciya. Katangu sun zube sun bar zagayen duwatsu, ciyawa ta cinye ɗakuna. Yusha'u ya bi da su gida-gida, nan maƙera, nan gidan sarkin noma, nan dandalin da 'yan mata ke gaɗa. Amma muryarsa ta canza, kamar mai karanta abin da aka rubuta masa.

Suka iso gidan ƙarshe. Ƙofarsa na nan tsaye, dogayen duwatsu biyu da ɗaya a kansu. Ta ciki ana hango baƙin dutsen a ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. An share tsakar gidan tas, shi kaɗai ne a duk kufan babu ciyawa.

Sa'adiya ta tsaya tana kallo.

Yusha'u ya rage tafiya. Ta ga ƙafarsa ta dama ta ɗan ɗaga daga cikin takalmi. Sai ya mayar da ita. Ya kau da kai ya wuce.

“Ta nan za mu sauka,” ya ce.

“A'a, Malam Yusha'u,” in ji Rashida, wadda ta taɓa bin sa sau ɗaya, kuma bakinta ba ya da linzami. “Wancan karon ba a nan ka tsaya ba? Har ka sa mu kuka?”

“Rana ta yi, Hajiya. Gara mu sauka mu yi azahar.”

Sai aka ji muryar da ba a ji ba tun safe.

“Ɗan samari.”

Baffa Shu'aibu na tsaye a ƙofar gidan, ya dogara da sandarsa.

“Na'am, Malam.”

“Duk gidajen nan ka faɗa mana masu su. Wannan fa, na wane ne?”

“Na wanda ke kula da tsafin garin ne, Malam.”

“To. Ga shi kuwa a share. Yana da zuriya ke nan?”

Iska ta kaɗa ganyen tsamiya. Yusha'u bai kalli Sa'adiya ba, amma ta san da ita yake yin shirun. Ta ji kamar ta yi ihu ta ce faɗa masa, na janye. Bakinta ya ƙi buɗuwa.

“Sun watse, Malam,” ya ce.

“Babu wanda ka sani a cikinsu?”

“Sun watse.”

Baffa ya gyaɗa kai a hankali. “Allah Sarki,” ya ce, ya juya ya bi hanyar sauka.

Sa'adiya ta saki ajiyar zuciya. An tsallake. Abin da ta roƙa ta samu. To me ya sa take jin kamar an yi mata rasuwa?

Da suka yi salla a masallacin ƙauyen suka ci abinci, kowa ya shiga mota, Yusha'u ya tsaya a ƙasa ya yi magana da direba. Sannan ya leƙo.

“Ku yi mini afuwa, direba zai mayar da ku. Ina da abin da zan yi a nan.”

Mata suka yi ta godiya da sa albarka. Sa'adiya ta manna fuska a taga tana neman idonsa. Ko sau ɗaya bai dubi wajen ba. Mota na tashi ta hango shi ya juya ya nufi tsaunin shi kaɗai, kansa a ƙasa.

A Rigachikun direba ya tsaya. Baffa ya ce, “Mu je, Kaduna zan kwana.”

* * *

Bayan magariba Abba ya aika a kira ta. Yana zaune a falonsa, Baffa na kan darduma da carbi, Umma na rakuɓe a bakin ƙofa. Sa'adiya ta durƙusa nesa da su.

“Yaya, muna jinka,” in ji Abba. “Ya faɗa?”

“Bai faɗa ba.”

Sa'adiya ta ɗago kai da sauri.

Baffa ya juyo gare ta. “'Yata, ba ki san wannan ba, bari in gaya miki. Tun kafin azumi na je Magarya ta Ƙasa. Na zauna da dattawan garin. Babu abin da ba su gaya mini ba a kan yaron nan, kakansa da dutsen da komai. Sun ce mahaifinsa ne ya yi musu ladanci har ya rasu. Sun ce yaron nan duk baƙon da ya kai sama sai ya tsaya ya ce nan ne gidanmu.”

Sa'adiya ta zuba masa ido.

“Na dawo na gaya wa ubanki. Ya ƙi, ya ce gidanmu ba a taɓa haka ba. Ni na yi ta fama da shi. Na ce ba kakan ne zai zauna da 'yarmu ba, yaron ne. Na ce wanda bai ji kunyar asalinsa a gaban baƙi ba, ba zai ci amanar mace ba. Da ƙyar ya sauko. Ya ce in je in ji da kunnena, ke ma ki ji, don mun zaci ba ki sani ba. In ya faɗa a gabanmu, a ce masa ya turo magabatansa.”

Ya ci gaba yana jan carbi.

“Sau biyu na tambaye shi. Ina tsaye a ƙofar kakansa. Ya dubi gemuna ya ce sun watse. Ban san yadda aka yi ya gane ni ba, amma ya gane. Ni na tsaya masa a gidan nan, ni kuma ya ba wa kunya.”

“To ka ji,” in ji Umma daga ƙofa. “Dama na faɗa.”

“Abba!” Sa'adiya ta rarrafo har gabansa, kuka ya ci ƙarfinta. “Abba, don girman Allah ka saurare ni. Ba laifinsa ba ne. Ni ce. Na san komai tun farko, shi ya gaya mini da bakinsa, ni na ɓoye muku. Yau ma ni na gaya masa Baffa ne. Ya ce zai faɗa, ya ce gara Baffa ya gani, ni na yi masa kuka, na ce in ya yi sallama a gidan nan ya rabu da ni. Wallahi har ya fara cire takalmi. Baffa, ka yarda da ni, ni na hana shi!”

Baffa ya dakata da jan carbin, ya runtse ido.

Abba ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. Da ya yi magana babu faɗa a muryarsa, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

“Na yarda da ke, Sa'adiya. Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba sai a wannan. Kuma ba zan ce ki auri Salim ba, ban taɓa yi wa 'ya'yana dole ba.”

Ta ɗago jajayen idanunta tana jira.

“Amma ba zan ba shi ke ba.”

“Abba, na ce maka ni na hana shi...”

“Na ji,” ya ce, ya mayar da gilashin. “Ke kika hana shi. Shi kuma ya hanu.”